Sabuwa Dal a Bashi, Ko Kantar Surukina?

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne, kuma ina taɓa kasuwancin hatsi a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Gagarawa. Shekara takwas ke nan ina bin ƙauyuka ina sayen riɗi da zoɓo da gero, in kai Gujungu ko Maigatari, in kaya sun taru in wuce Dawanau. Kuɗin mota ya cinye mini riba, wani lokaci ma ina jiran direba kasuwa take watsewa. Shi ya sa na ƙudurta sayen motar kaina. Abin da ke hannuna naira miliyan 14 ne. Takwas nawa ne, shida kuma rabon mahaifiyata ne da ƙannena mata biyu daga gadon mahaifinmu, suka ce in juya musu.

Wani kamfani a Kano ya nuna mini sabuwa dal mai ɗaukar tan uku: in ba da miliyan 12, sannan in riƙa biyan miliyan ɗaya duk wata har wata 24, da garanti. Yayana ya ce ita zan saya, sayen nagari mai da kuɗi gida. Surukina kuma, mahaifin uwargidana, yana da motar ɗaukar kaya ƙirar Kanta da ya shekara bakwai yana aiki da ita, ya aiko cewa in ina so ya bar mini a miliyan 9. Tana ɗan hayaƙi, amma wallahi ina jin nauyin in kai bakanike ya duba ta, balle in taya. 'Yar Beljiyam irinta dillali ya ce ba ta kasa miliyan 18. Abokai kuma suna cewa in sayi kurkura in huta. Ƙanena ne zai riƙa tuƙawa. Malam, ina mafita?

Mai neman shawara daga Gagarawa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari.

Bari in fara da wadda ta fi sauƙin amsawa. Sabuwar nan ka bar ta a inda ka gan ta. Ba wai ba ta da kyau ba ne, kuma yayanka bai faɗi ƙarya ba. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin titi tsakanin Gujungu da Gezawa, da buhu talatin a bayansa, yana haska injin da fitilar waya, ya san daɗin motar da ba ta tsayawa. Amma ɗauko takarda mu yi lissafi tare. Miliyan 12 da miliyan 24, miliyan 36 ke nan. Miliyan ɗaya a wata, in motar tana fita kwana 26, kusan naira 38,500 ne a kowace rana. Wannan kuɗin kamfani ne kaɗai, bayan an cire gas, da abincin direba da yaron mota, da kuɗin tasha, da na hanya, da canjin baƙin mai. To kai kuma ka san motar ƙauye ba ta fita kwana 26 da lodi. Gujungu Lahadi take ci, Maigatari Alhamis. Ka ƙara wata kasuwa ɗaya da tafiyar Kano ɗaya, kwana huɗu ke nan a mako, 16 a wata. Kowace fita sai ta ajiye naira 62,500 tsura kafin kai ko Inna ku ga sisin kwabo.

Da kaka ƙila ta iya. Daga Oktoba zuwa wajen Fabrairu riɗi na fita, zoɓo na fita, gero da wake na motsi, har direbobi suna yanga. Amma ina za ka samo lodin watan Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, burji ya jiƙe, kowa ya koma gona? Za ka ɗan samu dakon taki, da na siminti ko bulo in wani yana gini, shi ke nan. Shi kuwa bashi bai san damina ba. Wata na kamawa waya za ta yi ƙara. Kuma ka ga yadda hatsi ya yi tashin gwauron zabi a 2024, ya dawo ya faɗi a 2025, har waɗanda suka ɓoye kaya suka yi kuka. Ɗan kasuwar da ribarsa ke hawa da sauka haka bai kamata ya rataya wa kansa biyan da ba ya sauka ba.

Ka nemi takardar yarjejeniyar ka ba wanda ya iya karatu ya karanta maka inda aka rubuta abin da zai faru in ka yi jinkirin wata biyu ko uku. Yawancin masu ba da mota a irin wannan tsari suna riƙe takardun asali, suna kuma maƙala na'urar da ke nuna musu inda motar take. Ranar da ka gaza, za su zo su ɗauke abinsu, miliyan 12 ɗin da ka fara bayarwa kuma sai yadda takarda ta ce. Shida daga cikinsu na mahaifiyarka ne da ƙannenka. Akwai kuma batun halacci. Malamai da yawa sun yarda a sayar da kaya da jinkiri a kan farashin da ya fi na hannu da hannu, muddin an tsayar da farashi guda tun farko, kuma a kan haka bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suke gina murabaha. Amma tarar da ke ƙaruwa a kan bashi duk lokacin da aka yi latti, wannan sai ka kai wa malaminku ya duba kafin ka dangwala hannu.

Garantin da ake yi maka kwaɗayi da shi kuwa yana da sharuɗɗa. Galibi sai a garejinsu za a riƙa yi mata sabis, ga ka kuma da tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Kano, zuwa da dawowa mai ne da yini guda. In suka ga alamar an ɗora mata fiye da ƙima, garanti ya tashi. Ka gaya mini gaskiya, wace mota ce ke fita daga Gujungu da daidai nauyin da aka rubuta a ƙofarta? Sannan injinan gas na yanzu kwamfuta ke sarrafa su, nozul ɗinsu ba ya haƙuri da gurɓataccen mai. Gas ɗin jarka da ake saye a bakin hanya, mai ɗan ruwa ko wanda aka sirka da kananzir, tsohon injin Kanta zai haɗiye shi ya yi tari ya wuce. Sabon inji zai kunna fitila ya ƙi jan kaya, bakaniken Gumel ya zagaya shi sau uku ya ce sai an kira mai kwamfuta daga birni. Kayan gyaranta ma ka je Kofar Ruwa ka tambaya da bakinka kafin komai: akwai nozul ɗinta? Akwai faifan kuloci? Shago nawa ke da su? In shago ɗaya ne, farashi nasa ne, ranar da ya ce babu kuma motarka ta zama rumfar awaki.

Mai kamfanin sufuri da ke da kwantiragi a rubuce, wanda ya san lodi na jiransa kowace safiya, sabuwa ta dace da shi. Kai ba a nan kake ba tukuna.

Kurkura ba abin rainawa ba ce, na ga gidaje da yawa da ta riƙe. Ba ta shan mai sosai, tana shiga lungu, wadda ke ja da ƙafa huɗu kuma tana ratsa yashin jigayin nan naku inda babbar mota za ta kafe. Sai dai ka san abin da take. A Japan aka ƙera ta don ƙananan ayyuka, injinta bai wuce cc 660 ba, nauyin da aka yarje mata a can kilo 350 ne, wato buhu uku da rabi na mai kilo 100. Mu nan sai a ɗora mata goma sha wani abu, a ƙara fasinja a sama, ana mamaki in birki ya ƙi kamawa. Da yawansu kuma da sitiyarin dama suke zuwa, saboda Japan a hannun hagu ake tuƙi, mu kuwa tun 1972 muka koma dama, sai a juya sitiyarin a gareji. In aikin juyin bai yi kyau ba, rai ne a ciki. Don kwaso kaya daga ƙauye zuwa bakin kwalta, ta isa. Amma ciwonka Dawanau ne, kuma kurkura ba za ta raba ka da hayar babbar mota ba.

'Yar Beljiyam ta miliyan 18 ta fi ƙarfin aljihunka, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Tsadar ba laifin dillali ba ce kaɗai. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a 2024, kuma mota da kuɗin fitonta da kayan gyaranta duk dala suke bi. In wata rana ka kai gare ta, ka riƙe abu uku. Ka shiga ƙarƙashinta ka dubi tsatsa, don a Turai gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe ta ciki fenti na sheƙi a waje. Kada ka gaskata lambar tafiyar da ke kan allo, mayar da ita baya aikin minti kaɗan ne. Sannan ku da kuke kusa da Maigatari, za a zo maka da wata mai arha a ce ta Nijar ta shigo. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma motar da ba ta da sahihiyar takardar kwastan, ko ta shekara biyar a hannunka, ranar da aka tare ta a shinge ba za a tambaye ka nawa ka saya ba.

Saura Kantar surukinka, kuma ina ganin a nan maganar take. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ban ce ka guje ta ba. Mota ta hannu da ka san mai ita, ka san direbanta, ka san hanyoyin da ta bi shekara bakwai, ta fi wadda aka wanke aka shafa wa mai aka jera a bakin titi ba ka san daga inda ta fito ba. Injin irin waɗannan tsofaffin Kanta babu garin da za ka je a rasa wanda ya san cikinsa, kayan gyaransa sabo da na gwanjo suna nan jibge. Kuma miliyan 9 zai bar maka miliyan 5 a hannu, abin da babu ɗaya cikin sauran da zai yi maka in ban da kurkura. Matsalar ɗaya ce: kana shirin yin cinikin biri a sama saboda kunya.

Na fahimci nauyin. Mutumin da ba ka iya haɗa ido da shi, wanda in ka hango shi sai ka cire takalmi ka durƙusa, ta yaya za ka tsaya gabansa kana leƙa ƙarƙashin motarsa kamar ka kama ɓarawo? Ba za ka yi ba, kuma ban ce ka yi ba. Aurenka ma ba kai ka je ka nema da bakinka ba, manya aka tura. To haka za a yi wannan. Ka sami baffanka, ko wani dattijo da surukin ke ganin girmansa, ya je ya ce: Alhaji, yaron nan ya ji saƙo, ya gode ƙwarai. Sai dai kuɗin ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai na mahaifiyarsa da na marayu a ciki, don haka muna roƙon a ba shi motar haya na wata guda, ya riƙa kawo balas duk mako, in ya ga zai iya riƙe ta sai a yi magana. Babu dattijon kirki da zai ji an ambaci dukiyar marayu ya ɓata rai. In kuwa ya ɓata, ya ce a saya yau ko a bari, to ka sami amsarka ba tare da ka buɗe inji ba.

Wata gudan nan shi ne duk dabarar. Motar tana ƙofar gidanka, bakanike zai duba ta a tsanake ba a idon kowa ba. Kuma kada ka kira bakaniken da ya saba gyara ta, shi ma yana da tasa kunyar, ƙila kuma yana da la'ada. Ka ɗauko wani daga Gumel ko Haɗeja, ka biya shi kuɗin yininsa, ka gaya masa ko an saya ko ba a saya ba hakkinsa ɗaya ne.

Ya zo da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita. A nan ni aka cuce ni shekarun baya, lokacin da na sayi wata J5 a hannun wani dillali. Na iske ta tana aiki lafiya lau, muryarta kamar ta sabuwa, ashe tun asuba aka tayar da ita ta yi zafi, aka kuma cika ta da baƙin mai mai kauri don ya rufe ƙarar ƙarfe. Mako uku na yi ina murna. Injin ya buga da lodin albasa a kai, ranar na koyi ɗora hannu a kan inji kafin a murza makulli. In da ɗumi, a dawo gobe. Inji mai lafiya yana tashi da sanyin safiya ba tare da dogon roƙo ba.

Hayaƙin da ka ambata a wuce, kamar ƙaramin abu, shi nake so a fi tsayawa a kai, don hayaƙi iri-iri ne kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Baƙi, musamman in an taka ta da kaya, yawanci mai ne ba ya ƙonewa daidai: matatar iska ta toshe da ƙura, ko nozul ya gaji, ko famfon mai na son saiti. Wannan gyara ne mai sauƙi in aka kwatanta. Mai shuɗi-shuɗi da warin ƙonannen mai yana nufin injin na shan baƙin mai, ringi ya cinye ke nan, sai an sauke inji. Fari mai kauri wanda ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, a ji tsoron gasket ko tsagewar kan inji. Bakanike ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai tana aiki: in tana furzar da hayaƙi ta nan kamar tukunyar ɗanwake, injin ya yi nisa. Ya zaro sandar awon mai, in ya ga ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Kafin ta yi zafi ya buɗe lagireto ya ga ko ruwan na kumfa. Kai kuma a cikin watan nan ka riƙa auna baƙin mai duk safiya, ka rubuta lita nawa kuka ƙara. Wannan lissafin ba ya jin kunyar kowa.

Inji ana gyarawa, har a sauya shi ɗungurum. Abin da ba ya gyaruwa ya dawo daidai shi ne shasi, ƙarfen da duk motar ke zaune a kai. A wanke ƙarƙashinta tas, a bi shi da fitila daga gaba zuwa baya, musamman bayan kan mota da wuraren da sifirin ke maƙale. In an ga walda, ko an liƙa wani ƙarfe an shafe da baƙin fenti, ta taɓa karyewa, kuma inda ya karye sau ɗaya nan zai sake. A ƙirga ganyen sifirin: in an ƙara a kan na asali, an daɗe ana yi mata lodin da ya fi ƙarfinta. Ka tsaya a bayanta daga nesa tana tafiya, ka ga ko tana tafiya a karkace kamar kare. In shasi ya taɓu, ko a miliyan 5 aka bar maka, ka yi godiya ka mayar.

Sauran kuwa hanya ce za ta faɗa. Ku ɗora mata buhu talatin ku nufi Dawanau. In ana taka mai inji na ihu mota ba ta ƙara gudu, kuloci ya tafi. In giya na fita da kanta, ko ana jin kuka daga ƙafar baya da ke ƙaruwa da gudu, a sa a lissafi. A lura da allurar zafi da tsakar rana, don motar da ke tafasa a Nuwamba ba za ta ga Afrilu ba. Tayoyi shida ne a ƙasa ban da safaya, kuɗinsu ba wasa ba ne. A jikin kowace akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da zane mai kyau amma ta tsufa ta bushe, irinta ce ke fashewa a kwalta mai zafi.

Takardu ma a duba su kamar na baƙo. Lambar da aka buga a jikin shasi ta zo daidai da ta takardar kwastan da ta lasisi, harafi da harafi. In akwai shakka, ofishin kwastan mai kula da Kano da Jigawa yana Kano, a je a tantance. In ciniki ya faɗa, a rubuta takardar sayarwa da shaidu, a sauya sunan mai mota, a yi inshora ta gaske ba ta bakin tasha ba. Kada ka ce ai gida ɗaya ne. Yau Alhaji na da rai, Allah ya ƙara masa lafiya. Ranar da babu shi, motar da ke ɗauke da sunansa tana cikin abin da magada za su lissafa, kuma 'yan'uwan matarka ba dole ne su tuna an biya ba.

In bakanike ya gama ya ce gyaran zai ci, a misali, miliyan ɗaya da rabi, dattijon nan ne zai koma da takardar, ba kai ba. Shi zai ce ga abin da aka gani, a duba a rage wa yaro. In kuma motar ba ta yi ba, ba sai an kushe ta ba. A mayar da ita a wanke, da cikakken tanki da balas ɗinta cif, a ce an gwada an ga aikin ya fi ƙarfin yaro a bana. Uwargidanka kuma ka cire ta daga maganar gaba ɗaya. Kada ta kai saƙo, kada ta kawo, kada ta ji kana ƙorafin motar babanta a tsakar gida. Auren ya girmi motar.

Miliyan 5 ɗin da zai rage, kada ka ɗauke shi rara. Wani abu ya tsaya mini a wasiƙarka: ba ka faɗa mini ko miliyan takwas ɗinka ya haɗa da jarin da kake sayen riɗi da shi ba. In ya haɗa, to ka yi hattara, don na ga mutane da dama sun sayi mota don ta ɗauki kayansu, suka wayi gari ga mota babu kuɗin sayen kayan. Daga ɗan kasuwa sun koma masu jiran lodin wasu a tasha. Ka ware jarin kasuwa daban. Ka ware kuɗin taya da gyaran farko. Ka ajiye wani abu da ba a taɓawa sai ranar da inji ko giya suka nemi a sauke su, don ranar tana zuwa, tsohuwar mota ba ta sanarwa. Daga nan kuma kowace fita a cire wani kaso a jefa a asusun gyara kafin a kira sauran riba.

Dukiyar Inna da ƙannenka kuwa, kalmar "juya mana" ba ta isa ba. Bashi suka ba ka ko tarayya kuka yi? In bashi ne, ko motar ta ƙone sai ka biya su shidansu, kuma ba su da rabo a riba. In tarayya ce, a cikin kowace naira bakwai huɗu naka ne uku nasu, asara a raba ta gwargwadon haka, riba kuma yadda kuka amince, tare da sanin ladan wahalarka. Ka zaunar da su ka faɗa musu a fili cewa mota ba gona ba ce: gona tana nan tana ƙara daraja, mota kullum raguwa take, tana kuma iya ƙarewa a dare ɗaya. Wataƙila ɗaya daga cikinsu ta ce ita a saya mata tumaki, ka ba ta abinta da fara'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ku rubuta, liman da mazajensu in suna da aure su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Ƙanenka yana da lasisin da ya dace da irin wannan mota? Ya taɓa jan kaya masu nauyi, ko ƙaramar mota ya saba? Direba shi ke kashe mota, shi ke raya ta, kuma direban da ba za ka iya kora ba ya fi kowanne wuyar sha'ani. Ku yanka masa albashi ko kaso sananne tun ranar farko, kada a bar shi a kan ai ta gida ce, don wanda ba a biya ba da kansa yake biyan kansa. Littafi guda ya zauna a motar: ranar fita, inda aka je, buhu nawa, gas na nawa, abin da aka bayar a hanya. Baƙin mai a sauya shi a kan lokaci, matatar iska a riƙa kaɗe ta, da hunturu ma kusan kullum. Buhu talatin ɗin nan kuma su zama iyaka, ko da ana roƙonsa ya ƙara biyar.

Ka kuma shirya wa mutanen gari. Ranar da Kanta ta kwana a ƙofar gidanka ta zama motar kowa: kayan amarya, masu zuwa ta'aziyya, itacen makarantar allo, yashin masallaci. Mara lafiya da gawa ba a ciniki a kansu, wannan ka ɗauka don Allah. Sauran kuwa ka sa doka tun makon farko cewa mai buƙata shi ke zuba gas, kuma ba a ranar kasuwa ba. In ka bari aka saba, janyewa daga baya ita ke jawo a ce ka yi kuɗi ka canza.

Lokacin gwajin ma ka zaɓe shi. Kada ka karɓi motar da damina, ba za ka ga ƙarfinta ba, ba kuma za ka ga kuɗinta ba. Ka bari riɗi ya fara fita, ka yi Lahadi huɗu da Alhamis huɗu da ita, da tafiyar Dawanau ko da biyu. A ƙarshen watan ka ɗora littafin nan kusa da abin da ka saba biyan masu mota a wata irinsa. In bambancin bai taka kara ya karya ba a tsakiyar kaka, to ba mota kake buƙata ba, direba ɗaya mai alƙawari kake buƙata, ku yi yarjejeniya ya riƙa zuwa maka a kan lokaci, kuɗinku kuma su ci gaba da juyawa a riɗi. In kuwa littafin ya nuna riba, shasi lafiya, hayaƙin kuma baƙi ne, ka tura baffa ya ƙarasa magana. Ka rubuto mini kalar hayaƙin da lita nawa na baƙin mai ta sha, ka gaida Inna.